Ranar da Na Hau Tsamiya da Jirgi

Ku yaran mashigin Yelwa kuna kirana Baba Na-Tsamiya, kuma na lura babu ɗaya cikinku da ya taɓa tambayar dalili. Wasu sun ɗauka a gindin tsamiya aka haife ni, wasu sun ce tsamiya nake talla da ƙuruciya. Rannan ina zaune kan wani kifaffen kwalekwale na ji ɗayanku yana cewa shugabancin jirgi ba aiki ba ne: ka zauna a baya, ka ja igiyar inji, ka daka wa mutane tsawa, shi ke nan ka zama maigida. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, domin ni ma haka na taɓa ɗauka, kuma sanadin sunan ke nan. To ku matso ku ji. Wanda ya yi dariya kafin in gama, shi zai wanke mini jirgi gobe.

Shekarar da aka ba da mulkin kai na shiga jirgin Malam Jatau. Lokacin Kwara tana nan a koginta, da gungunanta a tsakiya, mutane na noman albasa a kansu. Jirgin babba ne, daga gungumen maɗaci guda aka sassaƙe cikinsa, aka ƙara masa katako a gefe, kuma sai da mutum biyar yake tafiya. Kayan aikinmu uku ne kacal. Akwai gwangwala, doguwar sandar da ake tokara ƙasa da ita a tura jirgi. Akwai filafili na tuƙi in an shiga zurfi. Sai wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki biyu ta kwarfar ruwa, domin jirgin itace, komai kyawunsa, yana shan ruwa. Na ƙware da gwangwala cikin wata uku, filafili ya ɗauke ni shekara. Ƙwaryar kuwa ko kallo ba ta ishe ni ba.

Lodin farko da na yi, albasar Inna Kulu ce. Ita ce babbar mai ba mu kaya, 'yar ƙaramar tsohuwa mai ƙaton murya, wadda ke sayen albasa a gunguna ta kai kasuwar Yelwa. Na ɗauko buhu na jefa shi cikin jirgi yadda ake jefa buhun gero. Ta ce, "Kai, ɗan wa na wanga? Albasa ka jihwa ko ƙanenka?" Daga nan ta koya mini abin da Malam Jatau bai kai ga koya mini ba. Ana shimfiɗa kara a ƙasa tukuna don kada jiƙa ta taɓa buhu. Manyan buhuna a tsakiya, ƙanana a goshi. Ba a zama a kan albasa, sai ita Inna Kulu, wadda ta ce nauyinta bai kai na kaza ba. Albasa in ta sha ruwa a ƙasa, kwana biyu sai wari, kuma duk mashigi zai san jirgin wa ya ɗauko ta.

Abin da ya fi ba ni kunya a jirgin nan shi ne maigidan kansa. Sauran masu jirage a baya suke tsayawa, riƙe da babban filafilin juya jirgi, ana hango su tun daga nesa. Malam Jatau kuwa sai ya naɗe wando, ya sauka tsakiyar jirgi inda ruwa ke taruwa, ya zauna tsakanin buhuna yana kwarfa da ƙwarya. Juya jirgi kuma karɓa-karɓa muke yi. Baƙo in ya shigo sai ya gaishe ni a baya ya ce, "Sannu maigida," ya miƙa wa Malam Jatau takalmansa ya riƙe masa. Shi kuwa ya karɓa ya riƙe. Ni abin yana ƙona mini rai.

Sauran ukun, akwai Ilu da Shekarau, matuƙa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda ba su taɓa yarda da juna ba ko a kan yau wace rana ce. Sai Baba Wakaso, tsoho Bagunge, haifaffen gungun tsakiyar kogi, mai tsayawa a goshi yana karanta ruwa. Aikinsa ya faɗi inda dutse yake, inda yashi ya taso, inda dorina ta kwana. Matsalar ita ce ba ya tsayawa nan. Tun daga tashi har sauka bakinsa ba ya rufuwa: ciwon gwiwarsa, rowar surukinsa, yadda kifin da ya fi na yanzu daɗi. A tsakiyar zancen suruki, ba tare da ya sauya murya ba, sai ya ce, "Ruwan can shina murmushi, ku ɗan karkata hagu," ya koma kan suruki. In ruwa ya yi wannan ɗan lotsawar da yake kira murmushi, to akwai abu a ƙasa. Cikin magana goma tasa, tara shirme ne, ɗaya ita ke riƙe da ranmu, kuma ba ya gaya maka wacce ce. Malam Jatau yana daga ƙasa yana amsa masa duka goman da, "To, Baba."

Wata rana mun ɗauko tukwane za mu Yelwa, Ilu da Shekarau sun yi cacar baki tun a mashigi kan wani gammo. Muna tsakiyar kogi, ba wanda ya ce uffan, sai Malam Jatau ya ce daga inda yake, "Shekarau, hannunka na dama lahiya?" Bai ɗago kai ba. Daga baya na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce ruwan da ke ƙafarsa ne ya gaya masa: in matuƙa sun daidaita, ruwan yana kwance a tsakiya, in ɗaya yana tuƙi da fushi sai ya riƙa gudu gefe guda. Bai yi musu faɗa a gaban masu kaya ba, bai taɓa yi ba. Da muka sauka ya sayi gasasshen kifi ɗaya, ya sa a akushi ɗaya, ya ajiye a tsakaninsu, ya ce shi ya ƙoshi, ya tafi. Kifin babba ne, yunwa kuma ta fi fushi ƙarfi, kafin su kai wutsiya sun shirya.

Sai aka fara maganar dam, madatsar da za a tare kogin da ita. Da farko wasu mutane ne suka zo suna shafa fenti a jikin itatuwa, suna cewa ruwa zai kai nan. Muka yi musu dariya, don wani fentin a kan tudu yake inda ko akuya sai ta huta kafin ta kai. Daga baya aka kwashe mutanen gunguna aka kai su sababbin gidaje a gaɓa, ruwa kuma ya zo kamar yadda aka ce, har ya zarce wasu fentin. Kogin da muka sani ya zama tafki. Ranar farko da na zura gwangwala ban taɓa ƙasa ba, saura kaɗan in bi ta. Duwatsun da muka haddace suka nutse, alamomin hanya suka ɓace, a maimakonsu ga itatuwan garuruwa tsaye a ƙarƙashin ruwa, ba ka ganinsu sai sun gan ka.

Wannan ita ce muguwar shekararmu, ba don rashin kaya ba, don rashin mutane. Kifi ya yi yawa a sabon ruwan, duk wanda ya samu taru da ɗan kwalekwale sai ya zama maigidan kansa. Manyan jiragen fito suka yi ta zama a mashigi, ba masu tuƙi. A cikin wannan hali gwiwoyin Malam Jatau suka ƙi, ya kira mu gida ya ce ya ba ni jirgi. Na miƙa hannu ina jiran babban filafili, sai ya sa mini ƙwarya. Na karɓa don kunya, muna fita na miƙa wa Ilu. Su ukun, da wani ƙanen Shekarau mai suna Tanko da ya cike gurbina, suka gaya wa Malam Jatau cewa saboda shi za su zauna har ƙarshen kakar albasa, daga nan su ga yadda hannuna yake. Na san da wannan magana. In suka tafi, jirgin mutum biyar ba ya motsi da mutum ɗaya, sai dai in zauna a kansa in riƙa ba yara labari, kamar yadda nake yi yanzu.

To ni kuma na taɓa zuwa kallon aikin dam, na ga wani shugaban leburori da hular kwano da usur a wuya. In ya busa, mutum ɗari su tashi, in ya sake busawa su zauna. Na ce wallahi wannan shi ne shugabanci, Malam Jatau ɓata lokacinsa ya yi. Na sayi usur. Na hau baya na riƙe filafili, na ce ba sauran karɓa-karɓa. Sannan na kafa dokar da na daɗe ina mafarkinta tun ina sabon shiga. Na ce, "Daga yau ba mai magana cikin jirgin ga sai na tambaye shi."

Baba Wakaso ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Har ni, Mamman?"

Na ce, "Da kai aka hwara, Baba."

Ya ce, "To, Mai jirgi." Ya juya ya fuskanci ruwa.

Kasuwa uku muka yi a haka, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin shirun nan ƙwarai. Busa ɗaya a tashi, busa biyu a tsaya. Ban lura ba cewa Ilu ba zai iya tuƙi da kwarfa lokaci guda ba, ya tura ƙwaryar ƙarƙashin kara ya manta da ita. Ban lura ba cewa audugar da aka toshe tsagar katakon gefen hagu da ita ta saki, don daga baya inda nake tsaye ba a ganin ƙasan jirgi, buhuna kawai ake gani. Su duka huɗun sun sani. Ba wanda na tambaya.

Ranar kasuwar ƙarshe ta kakar, muka yi lodin albasar Inna Kulu daga sabon garin da aka mai da mutanen su Baba Wakaso. Hantsi ya yi, mun makara, jirage sun fara wucewa. Sai na ce a raina, me zai sa mu bi tsohuwar hanyar kogi mu yi zagaye, alhali ga ruwa shimfiɗe ko'ina? Na miƙe jirgi ta kan inda gungunsu yake a da. Mun yi nisa sai na ji Baba Wakaso ya yi gyaran murya. Na yi kamar ban ji ba. Ya sake yi, da ƙarfi, har Inna Kulu ta ce ko a ba shi ruwa. Na busa usur na ce, "Shiru a goshi!" Na gan shi ya ajiye gwangwalarsa a hankali, ya zauna, ya kama gefen jirgi da hannu biyu. Ilu da Shekarau da Tanko suka dube shi, su ma suka kama.

Sai ji na yi ƙuuu daga ƙasa, goshin jirgi ya ɗaga, muka tsaya cik. Ni kaɗai ne ban riƙe komai ba, na tafi da baya na zauna cikin kwandon barkonon wata mata. Da na miƙe na leƙa, ga ganye kore-kore yana lilo a ƙarƙashin ruwa ta kowane gefe. Mun shiga tsakanin manyan rassa biyu, sun riƙe cikin jirgin kamar yadda murhu ke riƙe tukunya.

Na ce, "Baba! Mi na wanga?"

Ya ce, "Tsamiya ta, Mai jirgi. Ta bakin kasuwarmu."

"Ka gan ta?"

"Tun daga nesa. Ruwan shina ta murmushi, har da haƙora."

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba."

Inna Kulu ta zura hannu ƙarƙashin buhun da take kai, ta fito da shi sharkaf. Ruwa ya wuce kara, ya kai rabin buhunan ƙasa. Da jirgin a kwarfe yake, da mun wuce ta saman tsamiyar ba mu ko sani ba. Nauyin ruwan kasuwa uku ne ya zaunar da mu a kanta. Abin da Inna Kulu ta faɗa mini a wurin ba zan maimaita ba, akwai yara a nan. Ta fara daga kaina, ta bi ta kan hulata, ta sauka a kan usur.

Kuma ranar kasuwa ce, ku tuna. Duk jirgin da ya fito daga Wara da ƙauyukan Ngaski sai ya rage gudu ya gaishe mu. Wani ya ce, "Sannunku da hawa!" Wani ya ce, "Mamman, in ta nuna ka kaɗo muna!" Wata tsohuwa ta ce ita shekararta sittin tana ganin biri a kan tsamiya, ba ta taɓa ganin jirgi ba. Na busa usur na ce a tuƙa baya. Suka tuƙa, daidai yadda na ce, ba ƙari ba ragi, jirgi bai motsa ba. Na ce a tuƙa gaba, muka ƙara shigewa. Katakon hagu ya fara ƙara, ruwa na shigowa ana gani.

Can sai ga wani masunci, abokin Ilu, da sabon kwalekwale da taru. Ya matso ya ce, "Ilu, Shekarau, ku shigo in kai ku. Dama gobe munka yi da ku za ku hwara da ni." Ashe har sun shirya. Ilu ya miƙe tsaye, filafili a hannu. Shekarau ya dubi Ilu, kuma karon farko a rayuwarsu na ga sun yarda da abu ɗaya. Tsoro ya kama ni, ba na nutsewa ba, don duk mun iya iyo. Na ga jirgin Malam Jatau zai ƙare a hannuna cikin kasuwa huɗu, a kan itace, kowa na kallo.

Ban san lokacin da na sauko daga baya ba. Na naɗe wando, na ture buhu, na laluba ƙarƙashin kara har na samo ƙwaryar. Na zauna cikin ruwan albasa na fara kwarfa. Daga nan ƙasa na ga abin da ban gani ba kasuwa uku: inda toshiya ta saki, da tafin hannun Tanko da ya fashe ya ɗaure da tsumma, da fuskokinsu duka, waɗanda daga baya ƙeyarsu kawai nake gani. Na kwarfa kamar sau ashirin. Sannan na ɗaga kai na ce, "Baba, yaya za mu yi?"

Ya ce, "Tambaya ta, ko usur na bai hito ba?"

Na ce, "Tambaya ta, Baba. Ka yi haƙuri."

Kai jama'a! Kamar an fasa tulu. Ya fara da cewa a gindin tsamiyar nan aka yi masa kaciya, a kanta ya karya hannu, kakarsa ce ke da ikon 'ya'yanta, surukinsa ya taɓa satar mata kwando guda. A tsakiyar zancen suruki ya ce, "Reshen dama ya hi kauri, na hagu shina da lanƙwasa, ta nan za mu hita, da baya." Ya ce a mai da buhunan goshi baya. Ya ce Inna Kulu ta koma can ƙarshe, tunda nauyinta bai kai na kaza ba ba za ta nutsar da mu ba. Ya ce a ɗauko gwangwalolin nan da muka ce sun daina amfani, a tokari reshen da su, tunda ga abin tokara ya samu. Ilu yana tsaye har yanzu, ƙafa ɗaya a gefen jirgi. Ya dubi abokinsa, ya dube ni zaune cikin ruwa har ƙugu, sai ya ce, "Tahi, ma yi magana." Ya ɗauki gwangwala.

Ni ban ba da umarni ko ɗaya ba. Kwarfa kawai nake yi ina cewa, "To, Baba." Shekarau ya yage gefen rigarsa ya cusa a inda ke yoyo. Da ruwa ya ragu, goshi ya yi sauƙi, suka tokara su huɗu a tare, jirgi ya yi wani nishi ya zame baya. Mun isa Yelwa kasuwa ta fara watsewa. Buhunan ƙasa sun jiƙe, sai da muka baje albasar a rana a bakin mashigi, ni da kaina nake juya ta, Inna Kulu na tsaye a kaina tana gaya wa duk mai wucewa, "Ku zo ku ga Na-Tsamiya." Kafin la'asar sunan ya riga ni isa gida.

Na sayi gasasshen kifi, babba, na sa a akushi ɗaya. Amma ban ce na ƙoshi ba, don ni ne mai laifin, na zauna muka ci tare. Ba wanda ya ta da maganar gobe, ni ma ban iya tambaya ba. Baba Wakaso dai ya ce in ara masa usur, akwai tsuntsaye na damun shukarsa. Da na je na ba Malam Jatau labari, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tambaye ni abu ɗaya: ina ƙwaryar? Na ce tana jirgi. Ya ce to.

Kasuwa ta gaba na riga kowa zuwa mashigi. Kakar albasa ta ƙare, alkawarinsu da Malam Jatau ya cika, ba wanda ya ce mini zai zo. Na toshe gefen hagu da auduga da man kaɗe, na shimfiɗa sabon kara, na zauna a tsakiya ina kwarfar ruwan da bai kai cikin ƙoƙo ba, don dai in sami abin yi. Jirage suna ta tashi. Rana ta fara zafi. Har na fara tunanin wa zai sayi maɗaci ya yi ƙofa.

Sai na jiyo murya daga bayan rumfunan masu kifi, tun ban ga mai ita ba, tana bayanin ciwon gwiwa. Ga Baba Wakaso, ga Tanko, ga Ilu da Shekarau a baya suna gardama kan wanda ya makarar da wani. Suka shiga jirgi ba sallama, kowa ya kama wurinsa. Shekarau ya dubi babban filafili a baya, ya dube ni, na ce, "Yau kai na." Baba Wakaso ya hau goshi, ya gyara tsayuwa, ya juyo.

Ya ce, "Mai jirgi, a yi magana, ko a jira tambaya?"

Na ce, "Baba, hwara daga suruki."

Ya fara kuwa. Tara shirme, ɗaya ranmu, ni kuma ina ƙasa ina amsa duka goman. Itatuwan tafkin nan babu wanda muka sake hawa, don ya san su tun suna da inuwa. Bai sake rufe baki a jirgina ba sai ranar da muka ɗauko shi a cikinsa, a naɗe, za mu haye da shi maƙabartar garinsu. Ranar na samu shirun da na taɓa sayen usur dominsa, tun daga tashi har sauka, kuma ban taɓa jin tafiya mai tsawo irinta ba.